Darasi na Bakwai: Bin Sawun Wuta a Ƙaramin Rediyo da Mita

Gidan Rediyon Omdurman ya fara watsa shirye-shirye a shekarar 1940, Sashen Hausa na BBC kuma a 1957, tun daga nan akwatin rediyo ya zama ɗan gida a wurinmu. Da wayar hannu ta zo sai kasuwarsa ta ja baya, wasu ma suka tura shi ƙarƙashin gado. Amma da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, wutar lantarki ta riƙa ɗaukewa na kwanaki da makonni, a watan Fabrairu 2024 kuma layukan waya da intanet suka katse a yawancin ƙasar, sai aka koma laluben tsohon rediyo. Waɗanda suka soma komawa gidajensu bayan watan Maris 2025 sun tarar da nasu yadda suka bar shi, da batir a ciki, ya sha zafi da ƙurar shekara biyu. A murɗa, shiru.

Yawancin irin waɗannan rediyoyi ba su mutu ba. Wuta ce ba ta isa inda ake bukatarta, kuma abin da ya tare ta sau da yawa bai wuce tsatsa a kan sifirin ko waya guda da ta tsinke ba. A wannan darasi za ku koyi yadda ake bin sawun wutar da mita, daga batir har cikin fanel, a gano daidai inda ta tsaya kafin a kashe ko sisi wajen sayen kaya. Abin da ya shafi rediyo ya shafi 'yar sifika mai Bluetooth da akwatin sauraron karatun Alƙur'ani mai ɗaukar memori, domin hanyar wutarsu iri ɗaya ce.

Abubuwa uku da mita ke aunawa

Wanda ya taɓa ganin lambun da ake bai wa ruwa a tsibirin Tuti ya riga ya san rabin darasin nan. Injin ban-ruwa yana turo ruwa daga Nilu, ruwan ya bi lambatu, ya isa fangali. Ƙarfin da injin ke turawa da shi, shi ne ƙarfin turin wuta, ana auna shi da bolt. Yawan ruwan da ke wucewa shi ne gudun wuta, ana auna shi da amfiya, a ƙananan na'urori kuma da miliamfiya, wato kashi ɗaya cikin dubu na amfiya. Ciyawa da laka da suka cushe lambatu su ne turjiya, ana auna ta da om. Manomin da ya ga fangalinsa a bushe ba ya zuwa sayen sabon inji. Yakan fara daga bakin kogi ya bi lambatun da ƙafa har ya ga inda ruwan ya tsaya.

Wani Bajamushe mai suna Georg Ohm ya wallafa dangantakar abubuwan nan uku a 1827: bolt daidai yake da amfiya sau om. Ku riƙe wannan, za mu yi aiki da shi nan gaba kaɗan. Na'urar da ta haɗa awon ukun a akwati ɗaya kuwa wani injiniyan gidan waya na Birtaniya ne, Donald Macadie, ya ƙirƙiro ta, aka fara sayar da ita a 1923 da sunan AVO. In kun shiga Suk Libya ko babbar kasuwar Omdurman nemanta, ku ce afomita, nan take za a gane.

Sanin mitar kanta

Wadda ta fi yawa a hannun masu gyara ita ce 'yar rawayar nan mai lamba DT830. Tana da araha, kuma ta ishe mu duk aikin wannan darasi. Tana da ramuka uku. Baƙin tsinke kullum yana ramin da aka rubuta COM. Jan tsinke yana ramin da ke da alamar V da Ω. Rami na uku mai rubutun 10A na awon gudun wuta mai yawa ne kaɗai, da an gama a mayar da jan tsinken mazauninsa.

A fuskarta akwai abin murɗawa. Sashen DCV na wutar batir ne, wadda ke tafiya hanya ɗaya. Sashen ACV na wutar gida ne, mai kai da komo. Sashen Ω na turjiya, sashen DCA na gudun wuta. Lambar da kuka tsaya a kai ita ce iyakar abin da mitar za ta iya karantawa, saboda haka DCV 20 ya dace da kusan duk awon ƙaramin rediyo. In lamba 1 ta fito ita kaɗai a gefen hagu na gilashi, abin ya fi ƙarfin matakin da kuka zaɓa, ko kuma, a awon om, hanyar a yanke take. In alamar ɗebewa ta fito gaban lamba, tsinkayen ne a juye, ba wata ɓarna.

Mitar ma da batir take aiki, mai bolt 9. Idan ya yi sanyi takan riƙa nuna lamba sama da gaskiya, ta sa a wanke mataccen batir a ce lafiyarsa lau. Da hoton batir ya bayyana a gilashi a canja shi. Kafin kowane aiki kuma a sa ta a Ω 200 a haɗa bakin tsinkayen biyu: a ga lamba ƙasa da om 1 ko kusa da haka. In lambar tana rawa ko ta ƙi sauka, wayar tsinken ta tsinke daga ciki, abin da ya zama ruwan dare ga masu araha.

Doka biyu ba a karya su. Ba a auna om a na'urar da ke da wuta, sai an cire batir da caja. Ba a kuma ɗora tsinkaye a bakin batir ko soket alhali mita tana sashen amfiya, domin a wannan sashe mitar kamar zallar waya take. A kan batir za ta ƙone fiyus ɗinta, a kan soket kuwa tana iya fashewa a hannu.

Tambaya, ido da hanci

Mai rediyo ya san abin da mita ba ta sani ba. A tambaye shi da ladabi: "Baba, yaushe rabonsa da magana? Da batir ya daina ko da wuta? Ya faɗi? An jona masa wata cajar da ba tasa ba?" Tambayar ƙarshe ita ake yi wa nauyin baki, kuma ita ta fi amfani. Bayan haka a buɗe a duba, a sunsuna. Ƙauri, baƙin tabo a fanel, kondensa mai kumburarren kai, farin gari ko kore a gidan batir, kowanne ya riga ya nuna inda za a dosa.

Batir: a auna shi yana cikin aiki

Nan ne masu koyo suka fi yin kuskure, don haka za mu daɗe a nan.

Sabon batir na yau da kullum, ƙarami ko babba, an rubuta masa bolt 1.5, mita kuma takan nuna 1.55 zuwa 1.6. Mai caji irin NiMH an rubuta masa 1.2, in ya cika yakan kai wajen 1.4. Na litiyam, kamar BL-5C na tsohuwar Nokia da zagayayyen nan 18650, an rubuta masa 3.7, cikarsa 4.2, in ya sauka zuwa 3.0 ya ƙare. Idan an jera batura kai da gindi ƙarfinsu haɗuwa yake yi: biyu bolt 3, uku 4.5, huɗu 6.

To, sai mutum ya ciro batir, ya ɗora tsinkaye, ya ga 1.4, ya ce batir lafiya, laifin na rediyo ne. Ga inda gizo ke saƙa. Mita ba ta jan wuta sai ɗan mitsitsi. Turjiyar DT830 a sashen bolt wajen om miliyan ɗaya ce, abin da take ja daga batir guda bai kai kashi biyu cikin miliyan na amfiya ba. Rediyon aljihu kuwa, ko da an rage murya, yakan ja miliamfiya 10 zuwa 30, wato ninkin abin da mita ke ja sau dubbai. Gajiyayyen batir yana iya riƙe 1.4 matuƙar ba a nemi komai daga gare shi ba, da an kunna rediyo ya zube zuwa 0.9. Awon batir a tafin hannu rabin labari ne.

Yadda ya kamata a yi shi ne a bar baturan a gidansu, a sa mita a DCV 20, baƙin tsinke a kan sifirin na farkon jeri, wato negatif, ja a kan ƙarfen ƙarshen jeri, wato fositif. A karanta rediyo yana kashe. A kunna a sake karantawa. A ƙure murya a karanta na uku. Rediyo mai batir huɗu da ya nuna 6.1 a kashe, 5.9 a kunne, 5.6 da murya a ƙure, baturansa na da rai. In ya nuna 5.6 a kashe ya faɗo 3.8 da kunnawa, ko dai baturan sun gaji, ko wani abu a ciki yana zuƙar wuta fiye da kima. Awon gudun wuta zai raba gardamar, yana tafe.

Sannan a bi baturan ɗaya bayan ɗaya rediyo yana kunne. Sau da yawa uku na da ƙarfi, guda ne ya mutu ya ja sauran ƙasa. Wannan yakan faru in an gauraya sabo da tsoho, ko kamfani biyu. Ba na goyon bayan wannan tsimi ko kaɗan, domin sababbin sukan tilasta wa mataccen wuta ta baya, shi ne kuma ke fara yoyo ya cinye sifirin. Kuɗin da aka rage a batir guda a gidan batir ake biyansa.

In babu rediyon a kusa, a nemi rezisto mai om 10 na rabin wat a ajiye cikin kayan aiki. A haɗa ƙafafunsa biyu da kai da gindin batir mai 1.5, a auna a haka. Bisa lissafin Ohm zai ja kusan miliamfiya 150. Batir mai kyau zai tsaya sama da 1.3, wanda ya faɗo ƙasa da 1.1 ya gama aiki.

Daga gidan batir zuwa fanel

A ce batura sun ci jarrabawa. Yanzu sai bin hanya. Baƙin tsinke ya zauna a negatif na batir kada ya motsa, in da 'yar maƙala a maƙale shi don hannu ɗaya ya huta. Rediyo a kunne, jan tsinke ya yi tafiya: ƙarfen fositif na gidan batir, inda jar waya ta manne da shi, ƙarshen wayar, ramin adafta in akwai, ƙafar makunni ta shiga, ƙafarsa ta fita, sai ƙafar fositif ta babban kondensa a fanel. A kowane zango lambar ta zama kusan ɗaya da ta baya. Inda ta faɗi, laifin yana tsakanin wannan zango da wanda aka baro. In an kai ƙarshe ba a ga faɗuwa ba, a mayar da jan tsinke kan fositif na batir, baƙin ya bi tasa wayar, domin ita ma tana tsinkewa, kuma an fi mantawa da ita.

Ga misali. Wata dattijuwa ta kawo rediyo mai batir huɗu, ta ce in ta rage murya yana magana, da ta ƙara sai ya yi ta shaƙewa yana yankewa. An auna bakin batura da murya a sama an sami 5.8. An auna a kondensa an sami 4.1. Bolt 1.7 ya ɓata a hanya. Sai a ɗora tsinke ɗaya a gindin batir, ɗaya a kan wayar da ke manne da sifirin ɗinsa. Ƙarfe biyu da suka haɗu da kyau bai kamata a ga komai tsakaninsu ba, sifili ko dab da shi. Nan kuwa mita ta nuna 1.7. An kama ɓarawo.

Ku duba lissafin, don shi ke bayyana koken dattijuwar. In rediyon yana jan miliamfiya 100 da murya a sama, wato amfiya 0.1, to turjiyar tsatsar ita ce 1.7 a raba da 0.1, om 17. Da aka rage murya ya koma jan miliamfiya 20, asarar ta zama 17 sau 0.02, wato bolt 0.34 kacal, abin da rediyo ba zai ji ba. Tsatsar ba ta canja ba, buƙatar wutar ce ta canja. Shi ya sa nake nanata cewa a yi awo na'ura tana kunne tana aiki. Da a kashe aka auna, da 6 za a gani tun daga batir har makunni, a rasa inda laifi yake.

Maganin tsatsa sanfefa ce mai laushi, a goge har ƙarfe ya yi haske. Farin garin da batir alkalin ke zubarwa ɗan ruwan lemun tsami a kan auduga yana narkar da shi, sai a goge da sifirit a bari ya bushe sarai. Kada a taɓa ido da hannun, a wanke shi da sabulu. Sifirin da ya ci har ya karye a ciro wani daga matacciyar tocila. A kuma duba wayar da ke manne da shi, domin ruwan batir yakan bi cikin roba ya cinye tagullar, waje lafiya ciki baƙi.

Wuri biyu sun cancanci a tsaya a kansu. Na farko makunni, wanda a tsofaffin rediyoyi yake haɗe da abin ƙara murya. Habub ɗin da ke turnuƙe Khartum gab da damina yana cusa ƙura mai laushi cikin kowace kafa, in ta haɗu da maiƙon makunni ta zama dauɗa mai hana wuta wucewa. A ɗora tsinkaye a ƙafafunsa biyu: a kashe za a ga cikakken ƙarfin batir, a kunne a ga sifili. Duk abin da ya haura 0.1 a kunne dauɗa ce. A ɗiga sifirit a yi ta kunnawa da kashewa. Kada a zuba man inji ko kananzir.

Na biyu ramin adafta, kuma wannan ya wahalar da masu gyara da yawa. A cikinsa akwai wani ɗan harshen ƙarfe da wutar batir ke bi ta kansa. In an soka adafta sai harshen ya ɗaga ya yanke batir, in an zare ya koma. Idan ya lanƙwashe ko ya yi dauɗa ba ya komawa. Alamarsa ba ta ɓuya: rediyo yana aiki da adafta, ya ƙi da sababbin batura. Rediyo mai igiyar wutar gida ma yana da irin wannan harshe a ramin igiyarsa.

Nawa yake ja?

Awon gudun wuta ya bambanta da na bolt. Dole a yanke hanya a sa mita a tsakiya, wutar ta bi ta cikinta. Ba sai an yanke waya ba. A yanko ɗan kwali a cusa tsakanin kan batir da ƙarfen da yake taɓawa, hanya ta yanke ke nan. Tsinke ɗaya a kan batir, ɗaya a kan ƙarfen. A fara da ramin 10A, in an ga abin kaɗan ne a koma ramin V da Ω a kan 200m.

Amsa uku ake samu. In sifili ne da rediyo a kunne, hanya a yanke take, a koma bin sawu. In miliamfiya 10 zuwa 30 ne da murya a ƙasa, yana tashi yana sauka tare da magana in an ƙara, to cin wutarsa daidai ne. In kuwa ɗaruruwa ne ba tare da wani sauti ba, akwai shot a ciki. A kashe nan da nan, a cire batura, a shafa fanel da yatsa a ji abin da ya ɗau zafi. Galibi ayisin ƙara sauti ne, irin su TDA2822 da LM386, ko kondensa da ta haɗe daga ciki, ko dayod ɗin kariya da ya ƙone don an juya masa wuta. A cire ƙafa ɗaya ta wanda ake zargi da ƙarfen dalma a sake awo. In cin wutar ya sauka, shi ne.

A auna kuma rediyo yana kashe. Mai makunnin ƙarfe sifili zai nuna. Masu maɓallin dannawa sukan ja ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Amma in an ga miliamfiya 5, ku lissafa: sau awa 24 ya zama miliamfiya-awa (mAh) 120 a yini, batir BL-5C mai ɗaukar wajen 1000 mAh zai ƙare cikin kwana takwas ba a saurari komai ba. Wannan ne amsar mai cewa rediyonsa na shan batir ko yana ajiye.

Adafta, caja da sola

Wutar gida a Sudan bolt 230 ce, mai juyi 50 a daƙiƙa, amma tun da aka fara yaƙi, musamman bayan hare-haren jirage marasa matuƙa a tashar madatsar Marawi a 2025, gidaje da yawa sun dogara da janareta da inbata da farantin sola. Kowannensu da irin ɓarnar da yake jawowa.

A jikin rediyo kusa da ramin adafta akan rubuta bolt ɗin da yake so, da ɗan zane mai nuna ko tsakiyar filogi fositif ce ko negatif. A sa jan tsinke cikin ramin filogin, baƙi a jikinsa na waje. In lamba ta fito ba alamar ɗebewa, tsakiya fositif ce. Filogi ya shiga rami ba shi ne dacewa ba. Tsohuwar adafta mai nauyi, mai taransifoma, takan nuna 8 ko 9 alhali an rubuta mata 6, sai an ɗora mata aiki take sauka, wannan ba laifi ba ne. Cajar USB kuwa 5 za ta nuna, tsakanin 4.75 da 5.25, ta kuma riƙe haka in an jona na'ura. In caja ta ba da 5 amma 4.2 ke isa na'ura, igiyar ce siririya ko ta gaji.

Farantin sola da aka rubuta wa 12 yakan ba da bolt 18 zuwa 22 a tsakar rana in ba a ɗora masa komai ba. Batirin mota cikakke 12.6 ne. Duk wanda aka jona kai tsaye da rediyo mai bolt 6 ko sifika mai 5, ayisin sauti ne zai fara tafiya. A bi ta ramin USB na kwantirola, ko cajar mota mai sauke wuta zuwa 5.

Masu batirin litiyam

Sababbin rediyoyi da sifikoki kusan duk haka suke. Awo uku ya wadatar. A jona caja a ga 5 a ƙafafun ramin caji ta cikin fanel. In babu, a motsa igiyar ana kallon mita, domin dalmar ramin ce ke yawan tsagewa. Sai a koma bakin batir: lambar ta riƙa hawa sannu a hankali ta tsaya a 4.2. In 5 na shiga amma batir bai motsa ba, ayisin caji ne. In ta yi tsalle zuwa 4.2 cikin 'yan mintoci, ta faɗo da an kunna, batir ya tsufa. Na uku, a nemi ɗan regileta mai ƙafa uku da ke ba wa sashen Bluetooth da memori wuta, a ga 3.3 a ƙafarsa ta fita.

Batirin litiyam da ya kwana watanni ƙasa da bolt 2.5, irin na gidajen da aka rufe aka tafi, kada a tashe shi da dabarar ɗosana masa wutar caja kai tsaye. Wanda ya kumbura kada a huda shi, kada a jefa shi wuta. Ba a kuma cajinsa in zafinsa ya haura digiri 45. A Khartum, inda ma'aunin zafi ke wuce 40 a inuwa cikin watan Mayu da Yuni, rediyo mai ɗan faranti a bayansa da aka shanya a rana yana wuce wannan iyaka nesa ba kusa ba. In farantin na cirewa ne, shi a rana, rediyo a inuwa. Wajen saye kuma ku sani 18650 na gaskiya bai cika wuce 3500 mAh ba. Wanda aka rubuta wa 9900 ƙarya ce a jikinsa.

Mai igiyar wutar gida

Wannan sashe a zare igiya daga soket ake yinsa, mai koyo ba shi da dalilin taɓa wutar 230 a cikin buɗaɗɗen akwati. Mita a Ω 20k, makunni a kunne, tsinkaye a ƙafafun filogi. Naɗin farko na ƙaramin taransifoma yakan nuna ɗaruruwan om, wani ya haura dubu. In 1 ta fito, a gwada igiyar ita kaɗai waya bayan waya, sannan fiyus. In duk lafiya, naɗin ne ya yanke, ko fiyus ɗin zafi da ke ɓoye cikinsa. Naɗi na biyu 'yan om kaɗan ne. Dayod ɗin da ke mayar da wutar ta zama irin ta batir a gwada su a kan alamar dayod: 500 zuwa 700 ta fuska ɗaya, 1 in an juya tsinkaye. Wanda ya nuna sifili ta fuska biyu ya ƙone.

In rediyo yana gurnani da wutar gida amma muryarsa tas take da batir, babbar kondensa ce ta bushe. Akwai ruwa a cikinta, zafi ke ƙafar da shi, kuma ƙa'idar masu ƙera ta ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba kwananta biyu. Kada ku nemi tabbaci da sashen ACV na DT830, domin yana ba da lambar banza in akwai wutar batir a wurin. A canja ta kawai, da mai lamba ɗaya ko sama kaɗan, a kula da ƙafar negatif mai zane a jiki. In akwai zaɓi tsakanin mai rubutun digiri 85 da mai 105, garinmu na mai 105 ne.

Cajar waya mara nauyi kada a fasa ta. Kondensar da ke cikinta tana ɗaukar kusan bolt 325, tana kuma iya riƙe shi bayan an zare.

Idan wuta ta isa amma shiru

Wani lokaci za a bi sawu har ƙafar ayisin sauti a tarar da wuta cif, cin wutar ma daidai. To matsalar ta fita daga wannan darasi, sai dai abu biyu masu sauƙi. A cire waya ɗaya ta lasifika a auna: mai om 8 takan nuna 6 zuwa 8, mai 4 ta nuna 3 da wani abu, in 1 ta fito ta yanke. Ramin abin sauraro na kunne ma yana da harshen da ke yanke lasifika, kuma yana maƙalewa kamar na adafta. Sauran sai darasi na takwas.

Aikin aji

Ku zauna bibbiyu, kowane rukuni da mita ɗaya da rediyo mai aiki. Ku auna ƙarfin batura a kashe, a kunne, da murya a ƙure, ku rubuta lambobin uku. Ku auna gudun wuta ta hanyar kwali a waɗannan halaye uku. Sannan ɗaya ya juya baya, ɗayan ya ɓoye ɗan guntun takarda a wani mahaɗi na gidan batir, na farko ya gano wurin da mita kaɗai ba tare da ciro batir ba.

Tambayoyi

1. Batir ya nuna 1.45 a hannu, ya nuna 0.95 da rezisto mai om 10. Me za ku gaya wa mai shi?
2. Rediyo yana aiki da adafta, ba ya aiki da sababbin batura, gidan batir kuma tsaf yake. Ina za ku fara dubawa?
3. An sami bolt 0.9 tsakanin ƙafafun makunni a kunne, rediyo yana jan miliamfiya 60. Om nawa ce turjiyar dauɗar?
4. Sifika mai 18650 tana nuna 5 a ramin caji, batirinta ya tsaya a 3.4 bayan awa biyu a kan caja. Me kuke zargi?
5. Maƙwabci yana son jona rediyonsa mai bolt 6 da farantin sola mai rubutun 12. Wane awo za ku yi a gabansa, kuma wace lamba kuke sa ran gani?